Tirela 20 a Ƙofar Rafah: Me Gwamnatoci Suka Yi wa Mutanen Gaza?

Mu da muka tashi a Musawa, lissafin buhu ba baƙonmu ba ne. Tun muna firamare mun san tiya nawa ke cika buhu, mun san buhu nawa gida ke ci daga kaka zuwa kaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Funtua ko Malumfashi bayan girbi kuwa, ya ga yadda tireloli ke fita da masara da dawa da waken soya. Da wannan lissafin muke so mu amsa tambayar da ƙannenmu na sakandare suka riƙa yi mana lokacin hutu, duk sanda aka nuno yaran Gaza a waya riƙe da kwanoni: wai duk gwamnatocin duniyar nan, me suka yi?

Mu fara da sanin wurin. Faɗin Zirin Gaza murabba'in kilomita 365 ne kacal. Ƙaramar hukumarmu ta Musawa ta ninka shi fiye da sau biyu, alhali a ƙidayar 2006 mutanenta ba su kai dubu 200 ba. A Gaza kuwa mutum sama da miliyan biyu ne a cunkushe, ga teku a yamma, ga Masar a kudu, ga Isra'ila a gabas da arewa. Babu dajin da za a gudu, babu ƙauyen dangi da za a je a lafa. Tun kafin yaƙi gonakinsu ba sa riƙe su, kusan tirela 500 ke shigar musu da abinci da magani da mai da sauran kaya a kowace ranar aiki.

Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas suka kai hari kudancin Isra'ila, aka kashe kusan mutum 1,200, aka yi garkuwa da kimanin 250. Bayan kwana biyu ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya sanar da rufe Gaza ruf: ba wuta, ba abinci, ba mai. Sai ranar 21 ga wata aka bar tirela 20 suka shiga ta mashigar Rafah da ke kan iyakar Masar. Ku ɗauki biro. Ashirin cikin ɗari biyar kashi 4 ne cikin 100 na kayan yini guda, kuma wannan bayan an yi mako biyu ko allura ba ta shiga ba.

Mu mutanen Katsina mun ɗan ɗanɗana rufe iyaka a shekarar nan ɗin. Bayan juyin mulkin Nijar an rufe iyakar Jibiya, motoci suka yi cirko-cirko, ba a buɗe ba sai Maris 2024. An sha wahala, amma muna da rumbu, muna da kasuwanninmu. Mutumin Gaza ƙofar nan ita ce rumbunsa.

Masu ƙuri'a da masu shari'a

Abu na farko da gwamnatoci suka yi shi ne magana. A babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar 12 ga Disamba 2023, ƙasashe 153 suka kaɗa ƙuri'ar neman tsagaita wuta, 10 suka ƙi, 23 suka yi rowar ƙuri'unsu. Najeriya na cikin masu goyon baya. Sai dai ƙudurin babban zaure ba ya tilasta wa kowa. Na Kwamitin Sulhu ne ke da haƙora, a can kuma Amurka ta yi ta hawa kujerar naƙi, kamar yadda ta yi ranar 8 ga Disamba 2023 da ranar 20 ga Fabrairu 2024.

Najeriya ba jiya ta fara ba a wannan batu, tun 1988 ta amince da ƙasar Falasɗinu. A taron ƙasashen Larabawa da na Musulmi da aka yi a Riyadh cikin Nuwamba 2023, an kafa kwamitin ministocin da za su zaga manyan biranen duniya su nemi a dakatar da yaƙin, kuma ministan harkokin wajenmu na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, yana ciki. Shekara guda bayan nan Shugaba Tinubu da kansa ya halarci taro na biyu a birnin. Ba mu raina wannan ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, makullin Rafah ba a Abuja yake ba.

Wasu sun ɗan ƙara matsawa. Maƙwabciyarmu Chadi ta kira wakilinta gida, Bolibiya da Kolombiya suka yanke hulɗa da Isra'ila, Turkiyya ta dakatar da ciniki da ita a Mayun 2024. Afirka ta Kudu, wadda ta san ɗacin mulkin wariyar launin fata, ita kotu ta nufa. Ta shigar da ƙara a Kotun Duniya da ke birnin Hague ranar 29 ga Disamba 2023, kuma ranar 26 ga Janairu 2024 alƙalai suka umarci Isra'ila ta ba da damar shigar da kayan agaji. Matsalar ita ce kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya da za ta tura.

A wannan makon ne kuma aka yi abin da ya fi ba mu mamaki. Isra'ila ta zargi ma'aikata 12 na UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, da hannu a harin Oktoba. A lokacin hukumar na da ma'aikata kusan 13,000 a Gaza, ita ke da makarantun da mutane suka fake a ciki da ɗakunan ajiyar fulawa. Kafin a gama bincike, ƙasashe fiye da goma, har da Amurka da Birtaniya da Jamus, suka dakatar da kuɗin da suke ba ta. Zargin ba na wasa ba ne, ya cancanci bincike. Amma a ce don ana tuhumar ɗalibai 12 an kulle ɗakin girkin makarantar kwana gaba ɗaya, a tsakiyar zango? Yawancin ƙasashen sun dawo da tallafinsu bayan watanni. Amurka ba ta dawo ba.

Abinci daga sama

Da yunwa ta tsananta a arewacin Gaza, sai aka koma jefa abinci daga jirgin sama. Jodan ce ta fara, wasu suka bi. Ranar 2 ga Maris 2024 jiragen sojan Amurka uku suka jefa abincin da zai ishi mutum 38,000 ci ɗaya. A talabijin abin gwanin sha'awa, lemomi na saukowa a hankali. Ku sake ɗaukar biro: 38,000 cikin miliyan biyu, ko mutum biyu cikin ɗari ba su samu ba, su ma cin rana ɗaya ne. Bayan kwana shida, lemar wani ƙunshi ta ƙi buɗewa, ya faɗo kan jama'a a sansanin Shati, mutum biyar suka mutu.

Amurka ta kuma gina gada mai yawo a kan teku don sauke kaya daga jiragen ruwa. Ta ci kusan dala miliyan 230. An buɗe ta a Mayun 2024, igiyar ruwa ta yi ta ɓalla ta, aka tattara ta a Yuli bayan ta yi aikin da bai wuce na kwana 20 da 'yan kai ba. Duk wannan ana yi ne alhali ɗaruruwan tireloli maƙare da kaya suna layi a ɓangaren Masar, daga El-Arish zuwa bakin iyaka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Gwamnatin Isra'ila tana cewa ba ita ke hana agaji ba, Hamas ce ke karkatar da shi, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka gaza rabawa. Gaskiya ne an yi ta wawashe motoci a cikin Gaza. Hukumomin agaji kuma suna cewa bincike mai tsanani a ƙofa da rashin ba da izinin wucewa da harbin ma'aikata su ne suka tsayar da aikin. A 1 ga Afrilu 2024 kaɗai an kashe ma'aikata bakwai na ƙungiyar World Central Kitchen, sojan Isra'ila ya ce kuskure ne.

Mu dai abin da ya raba mana gardama shi ne ranar 19 ga Janairu 2025. A ranar aka fara tsagaita wutar da Ƙatar da Masar da Amurka suka shiga tsakani aka ƙulla, kuma a yinin farko sama da tirela 600 suka shiga. Ba sabon titi aka gina ba, ba sabuwar gada aka kawo ba. Ƙofa aka buɗe. Ranar 2 ga Maris Isra'ila ta sake rufewa har tsawon mako 11. Zuwa 22 ga Agusta 2025, masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogara da su wajen auna yunwa suka tabbatar cewa birnin Gaza da kewayensa sun faɗa matakin ƙarshe na bala'in yunwa, hukuncin da Isra'ila ta yi watsi da shi. Sai a Oktoba aka sake samun tsagaita wuta, bayan Amurka, wadda ke ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 a shekara, ta sa nauyinta.

Ku kuma da ke shirin WAEC da NECO, ku tuna da sa'anninku. Yara kusan 625,000 ne yaƙin ya raba da aji. A 2024 ɗalibai kimanin 39,000 ba su zauna Tawjihi ba, jarrabawar da ke buɗe musu ƙofar jami'a.

Mu dawo gida, domin biron nan yana da aiki a nan ma. Ba mu ce halinmu da na Gaza ɗaya ba ne. Amma mun san ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma, mun san matan da suka gudo cikin gari da goyo. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da aika wa kowace jiha tirela 20 na shinkafa, kowace tirela da buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan. Katsina na da ƙananan hukumomi 34. In an raba daidai wa daida, kason Musawa buhu 705 ne da ɗan ragowa, ga mutum sama da dubu 170 na tsohuwar ƙidaya.