Amanar Tasha: Jan Hankali ga Matafiyan Magariya da Dungas

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Magariya da hantsi, ya ga yadda ake loda gero da wake da awaki bisa mota guda, mai zuwa Damagaram na ciniki, mai zuwa Kano ta Tinkim na neman canjin sefa da naira, ko kuwa ya bi ayarin mutanen Dungas ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, lalle ya san babu inda jama'a suka fi cunkushewa alhali tsaro ya fi ƙaranci kamar tasha. Masu fasadi a bayan ƙasa kuwa sun riga mu lura da haka.

Ranar 18 ga Maris 2013 mutanen Kano ba su manta da ita ba, ranar da aka shiga da ƙaramar mota maƙare da nakiya tashar manyan motoci ta Sabon Gari. Ranar 14 ga Afrilu 2014 aka tayar da wata a tashar Nyanya kusa da Abuja, rayuka fiye da 70 suka salwanta, sa'an nan ba a cika mako uku ba aka maimaita a unguwar. Ranar 24 ga Fabrairu 2015 aka kai hari tashar Kano Line da wata tasha a Potiskum, a watan da fitinar ta ƙetaro mana Diffa da Bosso. Kano kuwa kasuwarmu ce, kuma motar da ta kwana can ita ke yini a nan.

Malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin larurai biyar da shari'a ta zo domin tsare su, sun kuma bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Saboda haka wanda ya ga abin shubuha ya kau da kai, yana cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, gafala ya yi, ko da ya kira ta da sunan imani.

A ganina, babbar kariyar tashoshinmu tana hannun mutanen tasha su kansu, domin jandarma yana zuwa ya tafi, amma ɗan kamasho da yaron mota da mai shayi da ɗan kabu-kabun bakin ƙofa sun san kowace mota da direbanta, sun san wadda aka ajiye tun jiya ba wanda ya waiwaye ta. Irin wannan motar, da buhun da ya wuni ba mai shi, su ne abin tambaya, kuma ba a taɓa su, ba a buɗe su, sai a janye jama'a a kira hukuma.

Akwai kuma al'adarmu ta saƙo, wadda nake jin nauyin taɓa ta, domin da ita talaka ke aika wa ɗansa almajiri guzuri, da ita ake kai wa tsohuwa magani. Sai dai kuma direban da ya karɓi kwali ɗaure daga hannun wanda bai sani ba, bai ga abin da ke ciki ba, bai rubuta sunan mai aikawa da lambar wayarsa ba, ya ɗora wa fasinjojinsa kasadar da ba su yarda da ita ba, saboda 'yan kuɗin da ba su kai na mai ba. Haka fasinjan da baƙo ya ce masa, "Malam, riƙe mini wannan in yi alwala," ya amsa don kunya. A buɗe kaya gaban mai su ba cin mutunci ba ne, kuma mai gaskiya ba ya ƙin a duba.

Amma fa a yi hattara da zato, gama sashensa zunubi ne. Baƙunta ba laifi ba ce, harshe da tufafi ba hujja ba ne, kuma taron da ya far wa mutum da duka bisa jita-jita ya aikata irin ɓarnar da yake gudu. Idan kuwa, Allah Ya tsare, wani abu ya fashe, kada a ruga kallo, domin an sha dasa nakiya ta biyu saboda masu taruwa.

Muna roƙon shugabannin sandikan direbobi na Magariya da Dungas su zauna da hukumomin gari, a tsayar da ƙofar shiga guda mai mai gadi, a ajiye littafin rubuta fasinja da saƙo, a rage lodi a bakin hanya. Lambar 'yan sanda a Nijar ita ce 17, ta 'yan kwana-kwana 18. A rubuta su a bangon kowace tasha.