Dajin Fata a Ƙasar Gumel: Kada a Zubar da Tsokar da Aka Yanka

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane daga Gumel har Sule Tankarkar, wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi da allura ko an sa masa wuƙa sai ya fusata ya bazu. Saboda wannan magana mai gyambon da ya ƙi warkewa yakan shekara yana shafe-shafe da shan jiƙo, ba zai taka asibiti ba sai wari ya fara korar iyalinsa daga ɗaki. A yi masa aiki a makare, ciwon ya dawo, sai a ce, "Ka gani ko? Ai an faɗa masa." Alhali ba wuƙar ce ta yaɗa shi ba, ya riga ya yi nisa tun kafin a kawo shi.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka dajin fata ciwon Turawa ne. Gaskiya ne baƙin da Allah Ya sa a fatarmu yana tare mana illar hasken rana, shi ya sa ciwon bai yawaita a nan kamar a Ostareliya ba. Amma idan zai zo mana, ta wasu ƙofofin yake bi. Nau'in da ya fi kisa, wanda likitoci ke kira melanoma, a wajen baƙar fata ya fi fitowa inda rana ba ta cika gani ba: tafin ƙafa, diddige, tsakanin yatsu, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Baƙin tabo ne a shimfiɗe, ba zafi, ba ƙaiƙayi. To manomin Gagarawa da ke yini a gonar gero ko ta riɗi da silifas, ko makiyayin da ya koro shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, dama ƙafarsa cike take da faso da kaushi da sukar ƙaya, yaushe zai tsaya duba wani tabo? A hankali tabon zai faɗaɗa, gefensa ya karkace, launinsa ya gauraya, nan baƙi wuluk can ruwan ƙasa, sannan ya fashe yana tsatsafar da jini, kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sacewa. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa aka gano nasa a 1977. Ya ƙi yarda a cire yatsan, ya rasu a 1981 yana ɗan shekara 36.

Ƙofa ta biyu tsohon miki ne. Yaron da ya faɗa wuta wajen jin ɗumi da hunturu, ƙunar ta warke ta bar tabo, bayan shekara ashirin ko talatin sai tabon ya buɗe ya ƙi rufewa. Ko gyambon ƙwauri da aka daɗe ana ɗaurewa da tsumma, wata rana bakinsa ya tashi ya yi tauri, tsoka ta tsiro a tsakiya. Wannan ya sauya hali, ba gyambon da aka saba da shi ba ne.

Ta uku ita ce ta 'yan uwanmu zabiya, kuma su ne rana ta fi cutarwa. Zama zabiya gado ne daga uba da uwa baki ɗaya, kowannensu yana ɗauke da shi a ɓoye, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iskoki ba ne. Fatarsu ba ta da baƙin da ke kare ta, ga ranar yankinmu wadda a watan Afrilu da Mayu zafinta kan haura digiri 40. Tun suna samari ɓawo mai kaushi ke fitowa a kunne, goshi, leɓe da ƙeya, kuma shi ne ke rikiɗewa ya zama daji. Tura yaro zabiya kiwo ko talla da tsakar rana ba hula ba doguwar riga, zalunci ne ko da ba da gangan aka yi ba. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, da zama a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma sun fi duk wani magani da za a nema daga baya.

Me ke faruwa a cikin tsokar da daji ya kama? Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba ta umarni. Ba duka suke aiki lokaci guda ba, wasu a kunne suke, wasu a kashe. Daji yana farawa ne idan masu kula da hayayyafa suka lalace. A 2002 masu bincike a Ingila suka gano cewa a wajen rabin masu melanoma, wata ƙwayar gado mai suna BRAF ce ta samu matsala, ta zama kamar totur ɗin babur da ya maƙale, injin yana ta gudu ba mai iya sassauta shi. Irin wannan lalacewa a cikin ƙarin kawai take. Akasari ba a gadonta, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare ko wanke wa maras lafiya miki.

Daga nan aikin likita ya sauya. A 2011 Amurka ta amince da ƙwayar magani mai suna vemurafenib, wadda ke toshe BRAF ɗin da ya lalace, wasu irinta suka biyo baya. Ba a ba kowa, sai wanda gwaji ya nuna ƙarinsa na da wannan matsalar, don wanda ba shi da ita ba za ta amfane shi ba. An kuma samu alluran da ke farkar da garkuwar jiki ta yaƙi dajin da kanta, binciken da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da cibiyarsa ta taimaka wajen kawar da kurkunu a ƙauyukanmu, melanoma ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015. Aka haɗa masa tiyata da gashi da irin wannan allura, ya rayu har ya cika shekara 100.

Wajen ganowa ma an ci gaba. Akwai gwajin da ke auna waɗanne ƙwayoyin gado ne a kunne a cikin tsokar, wani yana duba 23 don raba tawadar Allah da daji idan ido ya kasa, wani 31 don kimanta ko ciwon zai bazu. Har akwai na filasta, a manna a kan tabo a ɓamɓaro a kai ɗakin gwaji ba tare da yanka ba.

Sai dai kada wannan labari ya ruɗe mu. Gwaje-gwajen nan a kan Turawa aka fi gina su, likitoci a can ma ba su gama yarda da amfanin wasunsu ba. Na filastar ba a yi shi don tafin ƙafa ko farce ba, wato daidai inda namu ke fitowa. Melanoman tafin ƙafa kuma ba kasafai yake da matsalar BRAF ba, bai fi ɗaya cikin biyar ba. Wasu tasu matsalar a wata ƙwayar gado ce mai suna KIT, wadda maganinta daban ne. Ga tsada, wadda ta fi ƙarfin mai garken shanu, balle mai buhu goma na gero. Don haka duk wanda ya zo maka da lasifika a kasuwa, ko ta waya, da garin magani ko wani shayi wai yana gyara ƙwayoyin halitta ya narkar da daji, kuɗinka yake so.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi ceto. Kaurin ƙarin ake aunawa: wanda bai kai milimita 1 ba, yanka shi kaɗai yakan wadatar, wanda ya wuce milimita 4 kuwa haɗarinsa babba ne. A Amurka kusan 99 cikin 100 na waɗanda aka gano nasu kafin ya bar fata suna raye bayan shekara biyar, amma idan ya kai gaɓoɓin ciki kusan ɗaya cikin uku ne kawai. Mu da muke wanke ƙafa sau biyar a yini, ba mu da uzurin rashin sanin abin da ke tafinta. Ɗaga ta ka duba, ka duba ta Baba da Inna waɗanda ba sa iya sunkuyawa. Tabon da ke girma, baƙin layi a farce ɗaya da ke faɗaɗa, mikin da ya wuce wata guda bai nuna alamar warkewa ba, a kai Babban Asibitin Gumel ko mafi kusa, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a bari a ƙone shi a kemis.

Idan kuma likita ya yanke, to a nan ne mutane suka fi yin asara. Tsokar nan ba ta zubarwa ba ce, ba kuma ta binnewa ba. Ka tambaya da ladabi, "Likita, za a aika da ita gwaji?" A ruwan magani ake sa ta cikin kwalba mai sunan maras lafiya, a kai ɗakin binciken tsoka irin na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, inda za a daskarar da ita cikin kaki na musamman, a yanko siririn ɓalli a duba da madubin likita. Wannan dunƙulen yana shekaru bai lalace ba, kuma daga jikinsa ake ɗiba idan wata rana aka buƙaci gwajin BRAF ko KIT. A karɓi lambar da aka rubuta a takarda, a koma a karɓo sakamako ko da mikin ya warke sumul, domin a takardar ne aka rubuta ko an cire ciwon duka ko akwai saura a gefe da ke buƙatar a sake aiki.