Baƙin Mai da Lambarsa

Kowa ya san man shanu. Da safiyar hunturu ya kan daskare, in rana ta ɗaga ya narke. To, baƙin man da a ke zuba wa inji shi ma haka ya ke. Sanyi ya kan ƙara masa kauri, zafi ya tsinka shi.

Aikinsa shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don kada su ci juna. In ya cika kauri, ba ya kaiwa ko'ina da wuri sa'ad da aka ta da inji. In kuwa ya cika tsinkewa, ba ya iya raba ƙarafan.

Saboda haka aka ba kowane mai lamba. Wata ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, wadda a ke kira SAE, ita ta tsara lambobin. Dubi jikin galan, za ka ga 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Tun da yanzu ka iya karatu, ba sai an karanta maka ba.

Lambar farko, mai harafin W, tana nuna gudun man cikin sanyi. In ƙarama ce, yana saurin zagaya inji da safe. Ta biyu ita ce kaurinsa bayan inji ya yi zafi. A kan auna shi a digiri 100, watau zafin tafasar ruwa. Mai 50 ya fi mai 30 kauri.

Mutane da yawa su kan ce, "Ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri." Wannan magana ba kullum ta ke daidai ba. Tsofaffin injuna da yawa an yi su don mai kauri. Amma hanyoyin mai na sababbin motoci ƙanana ne ƙwarai. Motocin Toyota da Honda na yanzu, da yawansu 0W-20 ko 5W-30 su ke so. Manyan motocin dizal kuwa galibi 15W-40. Babur ma da nasa, domin kulocin yawancin babura cikin mai ya ke. Wani man mota ya kan sa shi santsi. Nemi wanda aka rubuta wa 4T.

Wa zai raba gardama? Littafin da ya zo da motar. Waɗanda suka ƙera ta sun rubuta lambar a ciki, wani lokaci har a kan murfin mai.

Ga kuma batun garanti. Garanti alkawari ne. Kamfani ya ce in sabon inji ya lalace cikin shekara kaza ko kilomita kaza, zai gyara kyauta. Amma da sharaɗi: ka zuba man da aka ce, ka yi juye a kan lokaci. Ran da inji ya buga, za su tambayi takardun juye, su duba man. In suka ga man da ka zuba ne ya jawo ɓarnar, suna iya ƙin gyara, kuɗin ya koma kanka. Gyaran inji kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Don haka in ka je wurin bakanike, karanta lambar galan da kanka kafin a zuba. A buɗe shi a gabanka, domin akwai jabu. Karɓi rasit mai kwanan wata da lambar man, ka adana shi cikin littafin motar.

Mai tsohuwar mota 'yar Kwatano, galibi garantinta ya daɗe da ƙarewa. Shi in ya yi kuskure, babu kamfanin da zai kai wa kuka.