Masu Hoton Gombe Da Lilon Daren Sallah

Duk wanda ya tashi a Shamaki, ko wata unguwa ta birnin Gombe, ya san wasan nan da yara kan yi bayan an sauke tuwon dare. Yaro ya zaro bakin wuta daga murhu, ya fita tsakar gida yana wulwula shi, sai a ga jan zobe ya tsaya a iska, alhali kuwa garwashi ɗaya ne tak a bakin itacen. Manya kan tsawata, su ce mai wasa da wuta zai yi fitsarin kwance. To, abin nan da idon yaron ya gani shi ne masu ɗaukar hoto na ƙasashe da yawa ke kashe dare suna nema a wuraren wasa, inda ake ƙawata lilo da fitilu masu launi iri iri.

Dalilin zoben kuwa shi ne ido ba ya sakin abin da ya gani nan take, yakan riƙe shi na ɗan ƙanƙanen lokaci, don haka garwashin da ke gudu sai ya zama layi. Kyamara ta fi ido iya wannan riƙo. A hoton rana ƙyaurenta yakan buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya daga ɗari na sakan, ko ƙasa da haka. Amma ana iya barinsa a buɗe sakan biyar, ko goma, ko talatin, kuma duk fitilar da ta motsa a gabanta cikin wannan lokaci sai ta bar sawu a jikin hoton. Idan lilo mai kewayawa ne aka saita, abin da ke fitowa ba ya kama da lilon da jama'a suka hau: sai faifai na wuta, ja a cikin kore, kore a cikin shuɗi, kamar an saƙa shi da zaren haske.

A garuruwan Arewa, Sallah ce kakar lilo. Da an sauko daga Idi, Sarki ya yi hawa, yara sun tara kuɗin barka da Sallah, sai wuraren wasa su cika. A Kano Gidan Zoo da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako ne kan tumbatsa, a Kaduna lambun Gamji, a Abuja kuwa babban wurin wasan nan da ke kusa da ƙofar shiga birni. Ƙananan irinsu ba su da wuyar samu a wuraren shaƙatawa na sauran manyan garuruwa, har da Gombe. Sai dai abin lura shi ne kusan duk hotunan da ake komawa gida da su na rana ne. Mai hoto yana nan tun hantsi a filin hawa, yana ɗaukar dawakai da 'yan mata masu sabon ɗinki, amma da zarar an kira Magariba, an tada injin wuta, fitilun lilo sun kama, sai ya naɗe kayansa. Wanda ya daure ya tsaya kuwa sai ya kunna fitilar walƙiyar da ke kan kyamara, ita kuwa aikinta ta farfaɗa fuskar wanda ke gaba fari fat, ta bar duk abin da ke bayansa baƙi ƙirin. Watau ta kashe daren da aka zo ɗauka.

Wannan sakaci yana da tsada ga masu sana'ar. Shekarun baya mai hoto mutum ne da ake jira: ya ɗauka, ya kai fim wanki, ya dawo bayan kwana biyu ko uku, mai hoto ya karɓi nasa har da dodonsa. Yau wayar hannu ta kwashe mafi yawan wannan ciniki, domin ko ɗan makarantar sakandare yana ɗaukar abokinsa da Tecno ko Infinix ba tare da biyan kobo ba. Abin da ya rage wa mai sana'a shi ne aikin da danna maɓalli kawai ba ya fitar da shi, hoton dare kuwa yana cikin irin wannan aiki.

Daga Alƙahira zuwa Cikago

Ilmin da ke ƙarƙashin al'amarin tsoho ne ƙwarai. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, ya sauke surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Kyamara ba komai ba ce illa wannan ɗaki an ƙanƙanta shi. Sa'ad da Turawa suka gano yadda za a tsayar da surar kada ta gushe, matsalarsu ta farko ita ce tsawon lokaci. Hoton da Bafaranshen nan Niépce ya ɗauka daga tagar gidansa wajen 1826 ya ci aƙalla awa takwas.

Akwai wani hoto da ya kamata kowane mai sana'ar nan ya sani. A shekarar 1838 Daguerre ya saita na'urarsa kan wani babban titi na birnin Faris, wanda ke cike da mutane da kekunan doki, ya bar ta a buɗe na 'yan mintoci. Da hoton ya fito sai ga titi fayau kamar an yi shara. Duk abin da ke tafiya ya ɓace, in ban da wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Tsayuwar da ya yi ce ta sa ya shiga tarihi. Ƙa'idar ba ta sake ba har yau: abin da ke motsi, in ba shi da hasken kansa, hoto mai tsawon lokaci ba ya riƙe shi, in yana da haske, sai ya zama layi.

Shi kuwa ƙaton lilon nan mai siffar ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutane sama ya sauko da su, wani injiniya Ba'amurke ne mai suna George Ferris ya ƙera shi domin bajekolin duniya na birnin Cikago a 1893. Tsayinsa kimanin mita 80, da ɗakuna 36, kowanne na iya ɗaukar mutum 60. Jikokinsa sun wuce shi nesa ba kusa ba, na Landan mita 135, na Dubai da aka buɗe a 2021 kuwa mita 250. Amma kada wannan ya karya wa mai hoton Gombe gwiwa. A cikin hoto, lilon yara mai kujeru takwas da ƙwayayen lantarki ashirin yana iya ba da zoben da ya kai na Dubai kyau, in an san inda za a tsaya.

Yadda aikin yake

Sharaɗi na farko, kuma wanda yawancin masu gwadawa ke faɗuwa a kansa, shi ne kada kyamara ta motsa ko kaɗan. Babu hannun ɗan Adam da zai riƙe ta sakan biyar bai girgiza ba. Tilas a ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku. Wanda ba shi da shi ba a rufe masa ƙofa ba, domin katanga, ko bulo, ko ƙaramin buhu da aka cika da wake ko yashi, duk suna yin aikin. Ko danna maɓallin ma yana girgiza ta, saboda haka sai a sa mata jinkirin sakan biyu, ta ɗauka da kanta bayan an janye hannu.

Sa'an nan a kashe fitilar walƙiya. A mayar da lambar ISO ƙasa, 100 ko 200, a tsuke idon kyamara zuwa f/8 ko f/11 ko f/16, domin in an bar shi a wangale fitilun za su ƙone su zama fari, launi ya tafi. A saita gani da hannu a kan jikin lilon tun yana tsaye, don kyamara kan rikice cikin duhu.

Tsawon lokacin kuwa lilon ne zai faɗa, ba littafi ba. Mai hoto ya tsaya tukuna ya ƙidaya: sakan nawa kujera ɗaya ke yi kafin ta dawo inda ta tashi? In sakan goma ne, kuma fitila ɗaya ce a jiki, to sai an ba ta goman nan cif kafin zobe ya haɗu. Amma in hannuwa goma ne a jere, kowanne da fitilarsa, sakan ɗaya ya isa, domin kowace fitila za ta kai inda ta gabanta ta baro. A nan ne gwaninta take. Rabin sakan yana barin siffar kujeru da inuwar yara, da ɗan jela na haske a bayansu, mai kallo ya gane lilo ne yana gudu. Sakan goma sha biyar kuwa ya shafe kome, sai faifai. Masu koyo sun fi ɗokin na biyun, amma sau da yawa na farkon ya fi daɗewa ana kallonsa, saboda akwai mutane a ciki.

Wayoyin zamani ma suna iya taɓawa. Sai dai sashen nan na hoton dare da ke cikin yawancinsu ba buɗe ƙyaure yake yi sau ɗaya ba, hotuna gajeru da yawa yake ɗauka ya haɗa su, shi ya sa layin hasken kan fito a yanyanke ko ya ƙi fitowa. A nemi sashen da ke barin mutum ya saita lokaci da hannunsa. Kuma ba sai an jira Sallah ba kafin a koya. Saurayin Shamaki yana da makaranta a bakin titi kowane dare: fitilun babura da Keke Napep, fari ga mai tahowa, ja ga mai tafiya.

Mafi kyawun lokaci shi ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, sa'ad da sama ke da sauran shuɗi, fitilu kuma sun fara rinjaye. A ƙasashen Turai wannan lokaci yana da tsawo. A Gombe, da ke kusa da tsakiyar duniya, duhu na rufawa da sauri, bai fi rabin awa ba, ga shi kuma ya faɗo daidai sallar Magariba. Mai hankali sai ya zaɓi wurin tsayawarsa tun da sauran rana, ya idar da salla kusa, ya dawo a kan lokaci. Yanayi ma yana da nasa hannu. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2025 Ƙaramar Sallah ta zo ƙarshen Maris, cikin zafin bazara, Babba kuwa farkon Yuni, damina na kamawa. In an yi ruwa, jiƙaƙƙiyar ƙasa takan zama madubi, a sami lilo biyu a hoto ɗaya. Ƙurar hunturu kuwa rawani take naɗa wa kowace fitila, tana kuma shiga cikin kyamara in an yi sake.

Wani abin mamaki da hoton kan tona shi ne halin wutar kanta. Lantarkin Nijeriya yana juyawa sau 50 a sakan, don haka ƙananan fitilu masu araha ƙiftawa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa. Kyamara tana kamawa. Maimakon layi miƙaƙƙe sai a ga ɗigo ɗigo kamar ɗinkin hula. Haka nan in injin wuta ya yi tari, zoben sai ya dusashe a daidai wurin.

Ba duhu kaɗai ne cikas ba

Mutumin da ya kafa ƙafa uku cikin taro da dare, lalle a tambaye shi, kuma masu tambayar ba su yi laifi ba. Mutanen Gombe ba su manta da ranar 16 ga Yuli 2015 ba, jajiberin Ƙaramar Sallah, lokacin da bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwa, mutane suna sayayyar Sallah, aka rasa rayuka kusan hamsin. Garin da ya ga irin wannan rana, sa'an nan ya koma yana fita da 'ya'yansa wurin wasa bayan Magariba, ya cancanci a ajiye masa hoton wannan fita. Amma hanyar ita ce mai hoto ya fara gabatar da kansa ga mai wurin da masu tsaro, ya faɗi abin da ya kawo shi, kada kuma ya saita fuskar matar aure ko 'yar wani ba da izini ba. Ya kuma nisanci hanyar da kujeru ke bi, da wayoyin wutar da aka shimfiɗa a ƙasa.

Akwai wanda ya riga ya nuna amfanin irin wannan ajiya. Malick Sidibé na Bamako ya yi shekaru yana bin tarukan samari da dare da kyamararsa, yana sayar musu da hotunan kamar kowane mai hoton unguwa. Daga baya hotunan suka zama shaidar yadda birnin ya rayu bayan samun mulkin kan Mali, har aka ba shi babbar lambar yabo a Banis ta ƙasar Italiya a 2007, kafin rasuwarsa a 2016. Shi da fitilar walƙiya ya yi aiki, don fuskoki yake nema. Hanyar ta bambanta, amma dare ne dai ya ƙi bari ya wuce haka nan.

Masu saye ma ba za a rasa ba. Mai lilo yana son hoton da zai tallata wurinsa, masu otal da ofisoshi suna neman abin ratayawa a bango wanda na garinsu ne. Ga iyaye kuma akwai wata dabara: a tsayar da yaro a gaban lilon, a ce masa kada ya motsa, a buɗe ƙyaure sakan biyu ko uku, a ba da walƙiya ƙarama sau ɗaya domin fuskarsa, sai ya fito sarai da zoben wuta a bayansa. Wahalar kawai ita ce samun yaron da zai tsaya cik a ranar Sallah. Shi ya sa a yawancin hotunan nan yaran da ke kan lilo ba a ganinsu, sun narke cikin haske, wadda ke fitowa sosai ita ce yayarsu da aka bari a bakin shinge tana riƙe musu takalma.