Kumbon Cassini: Shekaru 13 yana ɗaukar hoton duniyar Zuhal

A ranar 15 ga watan Oktoban 1997 ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, tare da takwarorinta na Turai da Italiya, suka harba kumbon Cassini daga jihar Filorida zuwa duniyar Zuhal, wadda Turawa ke kira Saturn. Sai da ya shafe kusan shekaru bakwai yana tafiya kafin ya isa a 2004.

Na'urorin ɗaukar hoto biyu ne ke jikinsa, ɗaya mai hangen nesa, ɗaya mai ɗaukar fili mai faɗi. Abin mamaki, ƙarfinsu bai kai na wayar salular da ke aljihun mai karatu a yau ba. Amma da su ne masana, ƙarƙashin jagorancin Dakta Carolyn Porco, suka samu hotuna fiye da 450,000.

Zobban da suka kewaye Zuhal gutsattsarin ƙanƙara ne, daga mai girman ƙwayar yashi har mai girman ɗaki. Faɗinsu dubban kilomitoci ne, alhali kaurinsu a wurare da dama bai wuce mita 10 ba. A 2009, lokacin da hasken rana ya bugi zobban ta gefe, sai hotuna suka nuna dogayen inuwoyi, aka gane ashe akwai tuddai masu tsawon fiye da kilomita 2 a bakin ɗaya daga cikinsu.

Sai dai abin da ya fi girgiza masana ya fito ne daga wani ɗan ƙaramin wata mai suna Enceladus, wanda faɗinsa kilomita 500 ne kacal. A 2005 aka hango tsirin ruwa da ƙanƙara na feshi daga tsagogin kudancinsa. Daga baya bincike ya nuna cewa akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙarar. Kuma duk inda ruwa yake, dole a yi tambaya ko akwai halitta mai rai.

A Titan kuwa, babban watan Zuhal, hazo ya rufe ko'ina. Saboda haka aka saukar da wata na'ura mai suna Huygens a can ranar 14 ga Janairun 2005, ta aiko da hotunan duwatsun ƙanƙara da alamun hanyoyin rafi.

Wannan gano teku shi ya yanke wa kumbon hukunci. Da mansa ya kusa ƙarewa, masana suka ji tsoron kada wata rana ya faɗa kan Enceladus ko Titan, ya gurɓata su da ƙwayoyin cutar da ya ɗauko daga duniyarmu. Don haka a ranar 15 ga Satumban 2017 suka tura shi cikin iskar Zuhal da gangan, ya ƙone ƙurmus. Saƙonsa na ƙarshe ya ɗauki minti 83 kafin ya iso duniya.