Na'urar Da Sauran Kwamfutoci Ke Tambaya Ƙarfe Nawa

Kowace kwamfuta da agogonta a ciki, sai dai ba abin dogaro ba ne. Wani ɗan ƙanƙanin dutsen kwarz ne ke karkarwa yana ƙirga daƙiƙoƙi, kuma kuskuren kashi 20 kacal cikin miliyan ya isa ya sa agogon ya zame da fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi kullum. A banki ko kamfanin waya, inda dole a san wace hada-hada ce ta riga wata, wannan babbar matsala ce. Shi ya sa ake ware na'ura guda, uwar garken lokaci, sauran su riƙa saita agogonsu da ita ta tsarin NTP, wanda marigayi David Mills, wani masani Ba'amurke, ya wallafa a 1985.

Mutane da yawa in za su haɗa irin wannan na'ura sai su nufi kwamfuta mai tsada. Asarar kuɗi ce. Aikin ba ƙarfi yake nema ba, natsuwa yake nema.

Asalin lokacin daga taurarin ɗan adam na GPS ake samo shi, domin suna ɗauke da agogon atom. Na'urar karɓa, irin wadda kamfanin u-blox ke ƙerawa, tana fitar da bugu ɗaya a farkon kowace daƙiƙa, shi ake kira PPS. Hanyar da bugun zai bi ya shiga kwamfuta ita ce komai. Idan ta USB ne, sai ya tsaya layi har a waiwaye shi, jinkirin kuma yau daban, gobe daban. Tsohuwar kafar siriyal mai allurai tara, wadda aka daina yayinta, ta fi ta nesa ba kusa ba. Ƙaramin allon Raspberry Pi ma yana karɓar bugun kai tsaye, amma a guji samfuri na 3, don kafar sadarwarsa ta cikin USB take bi. An gyara wannan a na 4. Eriya kuwa sai ta ga sararin sama.

Sai maganar zafi, wadda mu ta fi shafa. Dutsen kwarz yana sauya gudu da zarar yanayin ɗaki ya canza. A ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, kafin janareta ya tashi agogon ya soma karkata. Mai hali ya nemi kwarz ɗin da ke zaune cikin ɗan akwati mai riƙe ɗumi iri ɗaya, ana ce masa OCXO. Shi ke riƙe lokaci idan siginar GPS ta ɓace.

Babbar manhaja fa? A da FreeBSD ce gwanar masu wannan harka, saboda aikin da Poul-Henning Kamp ya yi kan agogonta. Yanzu Linux ta kamo ta, musamman tare da chrony, manhajar da Facebook ya sanar da komawa gare ta a 2020. Windows kuwa tun farko buƙatarta ita ce kada agogo su saɓa da fiye da minti biyar, sai a Windows Server 2016 aka inganta ta sosai.

Ni dai a ganina, ƙaramar na'ura mai Linux da chrony, wadda ba a ɗora mata wani aiki ba, a ɗaki mai tsayayyen sanyi, da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, ta wadatar da yawancin ma'aikatunmu.