Ruwan Ɗansoshiya Da Maƙwabtanmu Na Bakin Komadugu

Da yawanmu mazauna Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa muna ɗaukar iyakar Nijeriya da Nijar wani wuri ne can nesa wanda bai shafe mu ba. Alhali kuwa ruwan da yake sauka a gonakinmu ya san hanyar zuwa can.

Yawancin ruwan yankinmu yana gangarawa ne cikin kogin Challawa da kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore. Su biyun sun haɗu kafin Wudil suka zama kogin Haɗeja. Kusa da Gashuwa ya gamu da kogin Jama'are, daga nan ake kiransa Komadugu Yobe. A ƙarshen tafiyarsa shi ne ya raba ƙasashen biyu, har ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso.

A da, gaɓar nan da waccan duk ƙasar Barno ce, kuma babban birninsu Gazargamu, wanda aka ci da yaƙi a 1808, yana kusa da kogin. Turawan Ingila da na Faransa ne suka mai da kogin iyaka a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906. Diffa da Bosso suka faɗa hannun Faransa, Damasak kuwa hannun Ingila, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin gwamnati biyu.

Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, mu a nan mun sami noman rani da ruwan sha. Amma ambaliyar da take jiƙa fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da manoman can suka ji a jikinsu. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci.

To, ina namu a ciki? Duk itacen da aka sare don gawayi a dajin Ɗansoshiya ko Falgore, ƙasa ce za ta zaizaye ta cika koguna da yashi. Misalin Basamariye a Luka sura 10 ya koya mana cewa maƙwabtaka ba ta tsaya a bakin iyaka ba. Saboda haka bari kowace ikilisiya ta dasa itatuwa a daminar bana, mu kuma tuna cikin addu'a da mutanen bakin Komadugu waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Ubangiji ya taimake mu.